Cokalin Farko da Cokalin Ƙarshe

Watan Afrilu ne, zafin Injamena ya kai maƙura, irin wanda ma'auni ke haura digiri 40 tun kafin azahar. 'Yar ƙanwata mai shekara uku, wadda aka haifa da ciwon sikila, ta wayi gari da kumburin hannuwa da ƙafafu, ko taɓa ta aka yi sai ta callara ƙara. Likita ya duba ta, ya sa aka yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya ɗora ta a sikeli ta yi kilo 12, sannan ya rubuta mata farasitamol da ibufurofen na ruwa, wanda mutane suka fi sani da sunan Brufen. Na karɓi takardar, na hau kilando, wato babur ɗin haya, na shiga zaga farmasin unguwar Diguel ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar manya ga ta nan jibge a ko'ina, amma ibufurofen na ruwa na yara ya yanke a wannan makon.

A wuri na huɗu na tarar da wani dattijo mai haɗa magunguna, sanye da farar riga, gemunsa ya soma furfura. Ya karanta takardar sau biyu, sannan ya ɗago kai ya shiga tambaya.

"Malam, tana shan ruwa sosai? Tana fitsari kamar kullum? Ba amai, ba gudawa? Ba ƙarambau a jikinta ko a gidan?"

Da na amsa, ya buga wa likitan waya suka yi magana da Faransanci. Ya ajiye wayar ya ce, "Kai mata farasitamol ɗin yanzu, a yi ta ba ta ruwa. Bayan la'asar ka dawo, zan haɗa mata ɗayan."

Da na dawo na ce, "Dokta, in ba damuwa ina so in gani." Ya ce ɗakin haɗin ba a shigarsa da kayan waje, amma ga taga ta gilashi. A nan na tsaya kusan minti arba'in. Abin da na gani ta tagar, da abin da na bi na tambaya daga baya, shi nake so in ba mai karatu labari. Sana'a ce marar amo. Mai ita ba ya yi wa kowa tiyata, ba a jin sunansa a rediyo, turminsa bai fi kwanon sha girma ba. Amma gwanintarsa kaf a kan amana ɗaya ta rataya: maganin da ke cikin cokalin farko da aka tsiyaya daga kwalba, shi za a tarar a cokalin ƙarshe, ba ƙari, ba ragi.

Maganin da ba ya shiri da ruwa

A garin Nottingham na Ingila aka samo ibufurofen, a ɗakin binciken kamfanin Boots, inda Stewart Adams da John Nicholson suka yi shekaru suna neman maganin amosanin gaɓɓai. An yi masa rajista a 1961, ya shiga kasuwa a 1969. Yau yana cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, jerin da aka fara fitarwa a 2007. Aikinsa shi ne ya toshe hanyar da jiki ke ƙera wasu sinadarai masu suna furostagilandin, waɗanda ke hura wutar kumburi da raɗaɗi da zazzaɓi. Sai dai sinadaran nan su ne kuma ke kare bangon ciki, su ne ke buɗe wa jini hanya zuwa ƙoda idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Daga nan tambayoyin dattijon suka fito. Yaron da amai da gudawa suka tsotse, ko zafin bazara ya busar, in aka ɗura masa wannan magani ƙodarsa na iya samun illa.

Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Na wannan, miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo a sha ɗaya, kuma ba a ba jaririn da bai kai wata uku ba. Yarinyarmu an rubuta mata miligiram 120, sau uku a yini, har kwana uku. Ƙwayar manya kuwa mai 200 ce ko mai 400. Komai kaifin wuƙar mutum ba zai yanki 120 daga cikin 400 ba, balle 'yar shekara uku ta haɗiye gutsure mai ɗaci da ƙuna a maƙogwaro. Dole sai na ruwa, wanda kowace mililita ke ɗauke da miligiram 20, a ja mililita 6 a sirinji a ba ta.

To, a nan gizo ke saƙar. Ibufurofen ba ya narkewa a ruwa. Lita guda ba ta shanye ko miligiram 25 nasa, ke nan kafin a narkar da abin da yarinyar za ta sha sau ɗaya sai an tanadi ruwa lita biyar ko fiye. Sukari in an zuba shi a shayi narkewa yake yi ya ɓace, kurɓin farko da na ƙarshe zaƙinsu ɗaya. Kunun zaƙi kuwa damu ne: garin yana nan daram, yawo kawai yake a cikin ruwa, in an ajiye gorar ya kwanta, shi ya sa mai saye ke girgizawa kafin ya kafa kai. Masu sana'ar a nan suna kiran irin wannan haɗi suspansiyo da Faransanci; mu ce masa damammen magani. Haɗarinsa a fili yake. In garin ya kwanta a gindin kwalba, kwanakin farko ruwan sukari yaro ke sha alhali ciwo na cinsa, ranar ƙarshe kuma ya kwashi ninki-ninki a cokali ɗaya.

Abin da mai tawada ya sani

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan matsala, ya kuma daɗe da sanin maganinta. Almajirin da zai haɗa tawada yakan kankaro baƙin tukunya ko ya niƙa gawayi, ya tace, sannan ya sa ƙaro. In babu ƙaro baƙin zai kwanta a gindin kurtu, alƙalami ya riƙa ɗebo ruwa fari-fari. Ƙaron ne ke riƙe baƙin a cikin ruwa, shi ne kuma ke manna shi a allo. Wannan ƙaro dai na dakwara da na dushe, wanda fataken Chadi ke kira kitir da talha, wanda kuma Chadi ke cikin manyan masu fitar da shi a duniya tare da Sudan da Najeriya, yana nan da sunansa a manyan littattafan haɗa magunguna, an yi ƙarnoni ana riƙe garin magani a ruwa da shi.

Wanda ya mayar da abin lissafi shi ne George Stokes, malamin jami'ar Kambirij, a 1851. Ya nuna abu uku ne ke sa gari saurin kwanciya ko jinkirinta. Na farko girman ƙwayar garin, kuma shi ya fi ƙarfi: in aka rage kaurin ƙwayar da rabi, saurin nutsewarta zai ragu sau huɗu, in aka mayar da ita kashi ɗaya cikin goma, zai ragu sau ɗari. Wanda ya tsaya bakin kogin Shari da damina ya ga haka da idonsa, yashi na nutsewa nan take, laka kuwa ta yi kwanaki tana yawo, ruwan ya zama ja. Na biyu bambancin nauyi tsakanin garin da ruwan da yake ciki. Sukari na ƙara wa ruwa nauyi, ya kusantar da shi da nauyin garin, amma in aka zarce garin ya taso sama kamar man shanu a kan nono, wannan ma ɓarna ce. Na uku kaurin ruwan.

A kan kaurin nan gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ce a tula abin kauri har garin ya kasa motsi. Sakamakon sai a samu abin da ba ya tsiyaya, ba ya hawa sirinji, in ya kwanta kuma ba ya tasowa. Abin da ake nema shi ne halin kindirmo: yana zaune a ƙwarya da kauri, da an sa maburgi sai ya saki ya zama ruwa. Akwai wani ƙaro na zamani mai suna zantan da ke da irin wannan hali, kuma ya fi kindirmo da abu ɗaya, da an ajiye shi sai kaurinsa ya dawo. Wata ƙwayar halitta ce ke fitar da shi, kuma tawagar wata masaniya Ba'amurkiya, Allene Jeanes, ce ta gano shi a ɗakin binciken ma'aikatar noma da ke Peoria. Abin da bai kai rabin giram ba ya ishi mililita 100.

Akwai sauran wani sirri. Gwani ba ya yaudarar kansa cewa garin ba zai taɓa kwanciya ba. Zai kwanta, abin lura shi ne irin kwanciyar. Duk macen da ta taɓa tace gasara ta bar ta ta kwana ta san yadda take daskarewa a gindin bokiti, sai an sa hannu an ɓamɓaro. Haka gari mai laushi ke yi in kowace ƙwaya ta nutse ita kaɗai: ƙanana su cike tsakanin manya, su haɗe kamar daɓe, ko an yini ana girgiza kwalbar ba za su taso ba. Wanda kuma ya taɓa jefa alif a ruwan rafi ya ga wata irin kwanciyar, datti na haɗuwa curi-curi sako-sako, ya sauka kamar auduga, da an motsa ya tashi. Mai haɗa magani yana daidaita ƙaronsa da tsaminsa don ya samu irin ta biyun, sannan kaurin ruwan ya riƙe curin tsawon lokacin da uwa za ta buɗe murfi ta ja sirinji.

Ta bayan gilashi

Dattijon ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya sa safar hannu da takunkumi, ya goge teburin tas. Sannan ya buɗe littafin tsarin haɗi. Duk da furfurarsa bai yi da ka ba. Ya rubuta lissafinsa a takarda: mililita 6 sau tara, 54, zai haɗa 60 saboda abin da zai manne a kwalba da sirinji, 60 sau 20, miligiram 1,200, wato ƙwaya uku masu 400. Ya kira mataimakiyarsa ta sake lissafin ita kaɗai, ba tare da ta ga nasa ba. Sai da biyun suka yi daidai ya taɓa magani.

Ya juya kwalin ƙwayar yana karantawa. Daga baya ya gaya mini dalili. "Malam, akwai ƙwayar da ba a niƙawa ko da wasa. Wata an gina ta don ta riƙa sakin magani a hankali yini guda, in ka farfasa ta sai ta saki duka lokaci ɗaya. Wata, kamar dikilofenak mai riga, an yi mata rigar don kada ta fashe sai ta wuce tumbi." Ya ce tsantsar garin maganin mai takardar shaida daga masana'anta ya fi, domin ƙwaya na zuwa da sitaci da sauran abubuwan da aka ɗaure ta da su, kuma kowanne na canza halin haɗin. In babu garin, sai ƙwaya ta gari daga hannun da aka amince da shi.

Ya zuba ƙwayoyin uku a ƙaramin turmin tangaran. Na zaci daka zai yi, sai na ga niƙa yake, yana juya taɓaryar a kewaye da nauyin hannu ɗaya, yana tsayawa ya kankaro gefen turmin da siririn ƙarfe ya mayar tsakiya. Garin ibufurofen mai danƙo ne, kuma yana narkewa da zafin da bai kai na tafasasshen ruwa ba, wajen digiri 76, don haka ba a yi masa garaje, ba a kusantar da shi da ruwan zafi. Sai da ya zama lilis, babu ko tsaki ɗaya, ya ajiye taɓarya.

Bai zuba ruwa ba. Wannan gari gudun ruwa yake yi. In an barbaɗa shi sai ya yi iyo a sama, ko ya dunƙule gudaji-gudaji kamar garin kukar da aka tuttula a miya lokaci ɗaya, waje jiƙe ciki busasshe. Giliserin ya ɗiga, ɗigo kaɗan, ya murza har ya zama kamar kwaɓin lalle, sumul. Giliserin ɗin ya kori iskar da ke lulluɓe da kowace ƙwaya, ya share wa ruwa hanya. Sannan ya ɗauko ruwan haɗin da ya shirya tun da hantsi, mai ƙaro da sukari da ɗan tsami da abin hana ruɓa. A nan na gane abin da ya sa ya ce sai bayan la'asar: ƙaro na buƙatar lokaci ya sha ruwa ya kumbura sosai. Ya zuba kaɗan, daidai yawan abin da ke turmin, ya murza har suka zama ɗaya. Ya ƙara daidai sabon yawan, ya murza. Haka har ya zama abin tsiyayawa. Duk mai tuƙa tuwo ta san abin da ya sa ake yin talge kafin a zuba gari.

Ya juye a kwalbar awo. Sannan ya ɗauraye turmin da taɓaryar da ruwan haɗin har sau uku, kowane ɗauraye yana juyewa a kwalbar, domin abin da ya manne a turmi rabon yarinyar ne. Ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da layin 60, ya cike da ɗigo-ɗigo. Ya tsoma takardar gwajin tsami ya gwada launinta da na jikin kwali. Ya juye a kwalba mai launin ƙasa-ƙasa wadda haske ba ya ratsawa sosai, ya bar sarari a wuya don girgiza ta samu wurin aiki. Ya girgiza, ya ajiye, ya ɗauko littafin rajista ya rubuta lambar kowane abu da ya shiga haɗin, da kwanan wata, ya sa hannu. Da ya gama rubutun ya ɗaga kwalbar ya duba gindinta a haske, ya kifa ta sau biyu, ya gyaɗa kai.

Zafi, tsami da ruɓa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Maganin da ke busasshe a ƙwaya na iya shekaru, amma da ya shiga ruwa kwanakinsa sun soma ƙirguwa. Wani maganin ruwan ne ke farfasa shi. Asfirin in ya ji laima sai ya soma warin tsami, alamar ya rushe, ga shi dama ba a ba yara shi don zazzaɓi saboda wata muguwar cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa da likita Douglas Reye ya bayyana a Ostireliya a 1963. Ibufurofen ya fi shi juriya, amma ruwa mai sukari gona ce ga ƙwayoyin cuta da fumfuna. Ruwan sukari mai kauri sosai, giram 85 a cikin mililita 100, yana kare kansa kamar zuma. Da an tsinka shi kariyar ta tafi. Shi ya sa ake amfani da tataccen ruwa, ba na famfo ko na 'yan ga-ruwa ba, kuma ake sa abin hana ruɓa irin sodiyam benzowet.

Takardar gwajin tsamin nan da dattijon ya tsoma, aiki uku take tsarewa. Ana so haɗin ya tsaya wajen 4 a ma'aunin tsami. A wannan matsayi ibufurofen ba ya narkewa, kuma abin da bai narke ba harshe ba ya jin ɗacinsa sosai, sai yaro ya sha ba tare da kokawa ba. A wannan matsayi ne kuma benzowet ke aiki, don in tsamin ya yi ƙasa ƙarfinsa ya tafi. Sannan garin da bai narke ba ya fi daɗewa da lafiyarsa. Ɗan tsamin lemo da aka auna daidai shi ke riƙe da duka ukun.

Zafin ƙasarmu kuwa abokin gaba ne na daban. Masana sun san duk ƙarin digiri 10 na iya ninka saurin lalacewar magani sau biyu ko fiye. Akwai kuma ɓarnar da sauyin zafi da sanyi ke yi: da rana ƙananan ƙwayoyin garin su ɗan narke, da dare abin da ya narke ya koma ya manne a jikin manya, kullum manya na ƙara girma, lissafin Stokes ya juya wa mai haɗi baya. Saboda haka ba a barin kwalbar a taga ko a aljihun babur, ba a kuma sa ta inda za ta zama ƙanƙara. Littafin ƙa'idojin magunguna na Amurka, a gyaran da ya fara aiki a Nuwamba 2023, ya ba haɗin ruwa marar abin hana ruɓa kwana 14 a firji, mai abin hana ruɓa kuma kwana 35, in babu wani gwaji na musamman da ya tabbatar da fiye da haka. Wannan kuwa inda wuta ba ta ɗaukewa ke nan. Dattijon ya tambaye ni ko muna da firji mai aiki dare da rana, na ce a'a. Ya ce a sa kwalbar a leda a jingina ta da gindin randa a inuwa. Randa ba firji ba ce, amma a busasshiyar iskar bazara tana rage zafi sosai. Wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunya cikin tukunya a kanta, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dattijon ya rubuta gajeren wa'adi a jikin kwalbar, ya ce in kwana ukun sun cika a zubar da saura.

Amanar kayan haɗi

Giliserin ɗin da dattijon ya ɗiga, kafin ya buɗe shi sai da ya duba takardar da ta zo da shi. Wanda ya san tarihi zai gane dalili. Akwai wani ruwa mai zaƙi, marar launi, mai araha, sunansa dayetilin gilaikol, da ake amfani da shi a masana'antu, yana kama da giliserin amma yana kashe ƙoda. A 1937 ya shiga wani maganin ruwa a Amurka ya kashe mutum fiye da 100, abin da ya sa aka kafa dokar 1938 mai tilasta tabbatar da amincin magani kafin a sayar. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jos bayan shan farasitamol na ruwa da wannan guba ta gurɓata. A 2008 zuwa 2009 maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya ci rayukan yara 84 a Najeriya. A 2022 yara kusan 70 suka tafi a Gambiya, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wani maganin tari da aka samu a Kamaru, maƙwabciyarmu ta tsallaken kogi. A duk waɗannan musibu, ruwan da aka dama maganin a ciki ne ya yi kisa.

Gwani ya kuma san abin da babba ke ɗauka lafiya lau na iya cutar da jariri. Hantar sabon haihuwa ba ta gama ƙwari ba, don haka benzowet da barasa da furofilin gilaikol sukan taru a jikinsa. Sobitol, da ake sa wa don zaƙi, in ya yi yawa yana sa gudawa. Kowane ɗigo da ya shiga kwalba sai an tambayi shekarun mai sha.

Sana'ar da bai kamata ta mutu ba

Dattijon da kansa ya ce mini, "In akwai na masana'anta, shi zan ba ka. Su suna da injin gwaji da ni ba ni da shi. Nawa na ranar da babu ne." Haka ma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar masu haɗa magunguna ta duniya suka fitar a 2016 ta nuna, kuma hukumar ta fi son a yawaita ƙwayoyin yara masu watsewa a cokalin ruwa, irin na zinki da amokisilin, don sun fi jure zafi da doguwar tafiya. Amma ranar da babu tana yawan zuwa mana. Chadi ba ta da teku. Mafi yawan maganinmu daga tashar Duwala yake tasowa, ya bi Ngaundere da Garwa da Marwa, ya ƙetare gadar Ngeli daga Kuseri, tafiyar fiye da kilomita 1,500 cikin zafi, kuma kwalbar ruwa ta fi komai nauyi da saurin fashewa. Alhali kilo ɗaya na tsantsar garin ibufurofen ya isa a haɗa kwalba 500 masu mililita 100. Akwai kuma yaran da ciwonsu ke buƙatar maganin da ba kasafai ake shigo da na ruwansa ba, kamar masu amosanin gaɓɓai da ake rubuta wa nafuroksen.

Inda gwani ya yi ƙaranci, wani ne ke cike gurbin. A kasuwannin Injamena kowa ya san masu tallan magani da ake kira dokta shuku, kayansu shanye a rana, ba sikeli, ba tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mai tallan ba zai tambayi ko yaro na gudawa ba, ba zai san cewa tun da aka tabbatar da zazzaɓin dengi a Abeshe a Agusta 2023 ya kamata a ƙara hattara da wannan magani ba, domin yana iya tsananta zubar jini.

Allunan farmasin da ke kewayen Asibitin Abotar Chadi da Sin a Diguel, da Faransanci da Larabci aka rubuta su, kuma kalmar Larabcin, saidaliyya, tana tuna mana cewa a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa sana'ar ta tsaya da ƙafarta daban da ta likita, har Albiruni ya rubuta littafi sukutum a kanta. Kalmar siro da muke faɗa kullum daga sharab ta Larabci ta fito. Fannin haɗin kansa, da ɗaliban jami'a ke kira galenik, sunan Jalinusu ya ci, wanda malaman ɗibbunmu suka sani tun da. Gado ne mai tsawo, bai dace ya ƙare a miƙa kwali da karɓar kuɗi ba. Kirana ga masu horar da ɗalibai a Injamena da Zariya da Kano da Yamai shi ne su riƙa sa su a gaban turmi da sikeli har hannunsu ya faɗa. Ga hukumomi kuma, su samar wa manyan asibitocin yara ɗakin haɗi mai tsabta, da tsantsar gari da giliserin masu takardar shaida, da firji mai aiki da hasken rana.

Da zan tafi, dattijon ya ja layi da baƙin alƙalami a jikin sirinji daidai lamba 6, ya ce in nuna wa uwar yarinyar, kuma a ba ta bayan ta ci abinci. A kwana na biyu kumburin ya soma saɓewa, ta miƙa hannu ta karɓi kofi da kanta.

Iyaye, saura namu. Kada a niƙa ƙwayar manya a gida a dama wa yaro. A gwada jini kafin a ce zazzaɓi ne kawai, domin wannan magani na saukar da zafin jiki amma ba ya kashe cutar cizon sauro. A bar cokalin gida, girmansu ba ɗaya ba ne, a yi amfani da sirinjin awo. A ajiye kwalba a inuwa, inda hannun yaro ba ya kai, a zubar in wa'adi ya cika. Kuma kowane sha, ko da tsakar dare ne, a girgiza kwalbar sosai kafin a buɗe. Mai haɗi ya yi nasa a kan turmi. Girgizar nan ita ce rabonmu na aikin.